Yadda ake yi wa zanen ɗan gari sharhi, daga tsayuwa gabansa har zuwa magana da mai shi

A Marwa da Garwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, har Kuseri da tsallaken kogi a Njamena, masu zanen fenti ba su yi ƙaranci ba. Wani da safe yana rubuta allon shagon aski ko na mai gyaran waya, da yamma ya shiga ɗaki ya ɗaura ƙyalle a katako ya zana abin da ransa ke so. In ya fito da shi, abin da yake ji daga bakinmu bai wuce "Masha Allah, ya yi kyau" ba. Addu'a ce, kuma kara ce irin tamu. Amma wanda ya ƙare makonni a kan aiki ya koma da wannan kalma kaɗai, bai san inda ya dace ba, bai san inda ya kauce ba. Gobe zai maimaita kuskuren jiya, abin da ya fi ciwo kuma, yana iya watsar da abin da ya iya alhali bai san ya iya ba.

Shekaru da dama masu sayen zane a wannan yanki baƙi ne 'yan yawon buɗe ido, masu zuwa gandun dajin Waza da duwatsun Rumsiki, su biya ta kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa. Abin da suke so shi aka riƙa zanawa: raƙumin dawa, faɗuwar rana, mace na daka, dutse a tsaye. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, ƙafar baƙi ta ɗauke. Masu kallon da suka rage wa mai zane mu ne. Kuma mu muka san hasken wurin nan, mun san launin sama a hunturu, mun san yadda saniya ke tsayuwa. Wannan sani shi ne jarin mai sharhi, ko da bai taɓa taka makarantar koyon zane ta Fumban ba.

Malaman zane suna bin wani tsari mai hawa huɗu da ake dangantawa da wani Ba'amurke, Edmund Feldman: ka faɗi abin da kake gani, ka duba yadda aka haɗa shi, ka fassara, sannan ka yanke hukunci. Amfaninsa guda ne a wurina, yana hana baki rigan ido. Shi zan bi, da ƙarin abin da ke gabansa da abin da ke bayansa.

Kafin ka fara

Ka je ka ga zanen da idonka. Hoton da aka turo ta WhatsApp yana sauya launi, yana shafe kaurin fenti, kuma ba ya nuna girma. In ka je, ka roƙi a fito da shi inuwar zaure ko ta rumfa, a jingina shi daidai idonka. Kada a sa shi cikin rana, kada a sa shi ƙarƙashin darbejiya inda haske ke zubowa ɗigo-ɗigo, kuma ka guji ƙwan lantarki mai farin haske, yana kashe ja da rawaya.

Tambaya uku ta isa a yanzu: an gama shi ko da saura, da wane fenti aka yi, kuma yana da suna? Kada ka tambayi ma'anarsa tukuna, domin da zarar ya faɗa maka, abin da ya faɗa za ka riƙa gani. Ka ce, "Malam, ba ni ɗan lokaci in kalla." Ka ja baya taku biyar ko shida, ka dawo inda mai gida zai riƙa tsayawa in an rataye shi, sannan ka matso har ka ga sawun burushi. Kada ka taɓa, kada ka ɗauki hoto, sai da izini.

Mataki na farko: faɗi abin da ke wurin

A ce zanen da ke gabanka santimita 80 ne a kwance, 60 a tsaye. Garken jajayen shanu na ƙetare yashin Mayo Kaliao, kogin da ya ratsa Marwa (mayo shi ne kogi da Fulatanci), da rani, makiyayi na biye da malfa a ka, sanda a gicciye bisa kafaɗa. A hagu mata biyu sun tona rami a yashi suna kwalfar ruwa. Can baya akwai jerin itatuwa da dutse.

Ka rubuta wannan a takarda ko a waya, ba tare da kalmar "kyau" ko "muni" ba. Ka ƙirga shanun, ka ƙirga ƙafafunsu. A nan ake gano cewa ta bayan ƙafa uku gare ta, ko kuma akwai wani yaro zaune a kusurwa da ba ka lura da shi ba da farko. Ka rubuta har abin da babu. Matan nan tulu suke cikawa ko jarka mai ruwan ɗorawa irin wadda kowa ke ɗauka yau? Akwai babur a kan gaɓa? Akwai leda a yashi? In babu ko ɗaya, mai zanen ya zaɓi wata Marwa ce ta da, ko ta mafarki. Ba laifi ba ne, amma zaɓi ne, kuma za ka bukace shi in an zo fassara.

Mataki na biyu: yadda aka haɗa shi

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka daɗe.

Fara da tafiyar idonka. Ka rufe ido, ka buɗe. Ina ya sauka? Daga can ina ya nufa? Zanen da ya haɗu yana jan ido daga babban abu zuwa ƙanana, ya dawo da shi. In idonka ya bi ƙahonin shanu ya fice ta gefen dama bai dawo ba, ko ya tsaya yana rarraba tsakanin makiyayi da matan saboda an ba su ƙarfi ɗaya, to ka sami abin faɗa na gaske.

Sai haske da duhu. Ka ƙanƙance idanu har komai ya zama dishi-dishi, ko kuma, da izininsa, ka ɗauki hoto ka mai da shi baƙi da fari. Launi yana ruɗi. Ja da kore suna iya bambanta ɓaro-ɓaro a ido, amma da an cire launin sai su zama toka iri ɗaya. In shanun suka narke cikin itatuwan baya a hoton baƙi da fari, ka san abin da ya sa garken bai fito ba daga nesa. Wannan gwaji yana da daɗin nunawa, domin mai zanen zai gani da kansa, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Daga nan ka nemi rana. Tana ina? Duk inuwoyi su faɗi gefe ɗaya. Sau da yawa za ka ga inuwar makiyayi ta yi hagu, ta shanu ta yi dama, saboda an haɗo su daga hotuna biyu. Tsawon inuwa kuma agogo ne. Marwa tana tsakanin digiri 10 da 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana inuwa gajera ce, a watan Afrilu da Agusta ma tana ƙarƙashin tafin ƙafa. Doguwar inuwa ta hantsi ce ko ta la'asar, kuma haskenta ba fari ba ne, yana da ruwan goro. In yashi ya yi fari tas irin na azahar amma inuwoyi sun miƙe dogaye, lokuta biyu ne aka cuɗa.

Yanayin shekara ma haka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na rufe sama, dutsen nesa ya dusashe kamar zai ɓace, bakin inuwa ya yi laushi. Masu zanenmu da yawa suna shafa wa sama shuɗi mai kauri ko da wane wata ne, don shi suka saba gani a kalanda. Ka dubi itatuwa: darbejiya kore ce duk shekara, kuka tana zubar da ganye da rani, gawo kuwa akasin haka, da damina yake tsirara, da rani ya yi kore shar. Kuka cike da ganye a bakin busasshen mayo cikin hazo tana gaya maka cewa mutumin nan bai fita ya duba ba. Baƙo ba zai taɓa kama wannan ba. Kai za ka kama.

Haka dabbobi. Jajayen shanun Mbororo dogayen ƙafafu ne da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa sama. Gudali na Adamawa gajeren ƙaho ne da faffaɗan jiki da babban tozo. Kuri na tafkin Cadi ƙahoninsu a kumbure suke, kuma ba su da tozo. Saniya in za ta tashi da ƙafafun baya take farawa, doki da na gaba. In aka ɗora ƙahon Mbororo a jikin gudali, kowane yaron ruga zai yi dariya, kuma gara mai zanen ya ji daga bakinka cikin mutunci. A jikin mutane, ka nemi hannaye da ƙafafu. In kullum suna ɓoye cikin ciyawa ko bayan riga, wurin da yake jin tsoro ke nan.

Nisa yana da gwaji mai sauƙi. A fili mai shimfiɗe, in an zana wurin kamar daga idon mutum a tsaye, kawunan mutanen da ke tsaye suna zama kusan layi ɗaya da inda sama ta haɗu da ƙasa, na kusa da na nesa duka; ƙafafunsu ne ke hawa sama yayin da suke nisa. In kan na nesa ya faɗo ƙasa sosai alhali ba rami yake ciki ba, ya zama wada. Abin nesa kuma launinsa na raguwa. Dutsen da aka yi masa ja irin na saniyar gaba zai taso ya zauna mata a baya.

Launin fata abu ne da nake so a tsaya a kai, domin nan ne nake ganin an fi yi mana sakaci. Sau da yawa ana ɗaukar ruwan ƙasa guda a shafe fuska da shi, a sa baƙi a gefe, shi ke nan. Fatarmu ba haka take ba. Ka dubi goshin mutum a rana, za ka ga shuɗin sama ya kwanta a kai. Ka dubi ƙarƙashin haɓa, za ka ga hasken yashi ya dawo da ja. Mai zanen da ya ga wannan ya sa shi, ka yaba masa da sunan abin, don ya san an gani. Inuwa ma ba baƙi ƙirin ba ce. Baƙin gwangwani in aka shafa shi a yashi sai ya zama kamar rami. Inuwar yashi tana da shuɗi-shuɗi ko shunayya a cikinta.

Daga ƙarshe a wannan mataki, ka roƙi a juya maka bayan zanen, kamar yadda ake juya babbar riga a ga ɗinkin ciki. An yi wa ƙyallen shafen fari kafin a fara? In ba a yi ba, fentin mai yana ratsawa ya ci zaren, za ka ga tabon mai a baya. Katakon ya miƙe ko ya karkace? Akwai alamar gara? A gaba kuma, ka nemi tsagewa. Fentin mai yana tsagewa in aka ɗora siririn shafe mai saurin bushewa a kan mai kauri da bai bushe ba. Ka yi adalci a nan. Fentin zane na ainihi yana da tsada kuma daga nesa yake zuwa, shi ya sa da yawa ke amfani da fentin gida, wasu su haɗa jar ƙasa da yashi da gam. Wannan ba abin kunya ba ne. Fentin akirilik kuma, wanda ake sirkawa da ruwa, a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana bushewa cikin mintoci kaɗan, don haka haɗa launi ya yi laushi yana da wuya. Fentin mai kuwa yana ɗaukar kwanaki, ƙurar hunturu ta manne masa. Sanin wannan zai hana ka ɗora wa hannu laifin kayan aiki, amma ba zai hana ka gaya masa cewa yashin da ke zubewa yana bukatar ƙarin gam ba.

Mataki na uku: me yake faɗa?

Yanzu ka tambayi kanka abin da zanen ya sa ka ji, kuma kowace amsa ka ɗaure ta da wani abu da ke cikinsa. "Yana nuna wahala" magana ce a iska. "Haƙarƙarin shanun sun fito, ramin matan ya yi zurfi har kafaɗarsu ta shige, kuma ba wanda ke kallon wani" magana ce da za a iya dubawa. In ka gama taka, sai ka tambaye shi nufinsa. In ya ce murnar dawowar garke yake nufi, kai kuma ƙishi ka gani, wannan tazarar ita ce mafi amfanin abin da za ku tattauna.

Ka kula da ma'aunin da kake awo da shi. Duk gwaje-gwajen nisa da inuwa da na ambata suna aiki ne a kan zanen da ke son kama da abin da ido ke gani. Ba kowane zane ne ke son haka ba, kuma muna da gado mai tsawo da bai damu da haka ba: zayyanar allon sauka, zanen ƙwaryar Fulani, layukan da ke jikin ɗakunan Musgum a wajen Pus, bangayen da matan Kotoko ke yi wa ado a Gawi kusa da Njamena, sassaƙen duwatsun Bidzar a hanyar Garwa zuwa Marwa, da zanen jikin duwatsun Ennedi a Cadi da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016. A Fumban, mai zane Ibrahim Njoya ya zana sarakunan Bamun a shimfiɗe, ya kewaye su da ado, ba wanda ya isa ya ce bai iya ba. Saboda haka in ka ga shanu a jere kamar zanen ƙwarya, babu inuwa babu nisa, tambayar ita ce: da gangan ne? Alamar ganganci ita ce ɗorewa. In duk zanen ya bi ƙa'ida ɗaya, salo ne. In shanu shida sun yi kama da na gaske, ta bakwai ta shimfiɗe, hannu ne ya gaza.

Akwai kuma batun addini, wanda ba zai yiwu a tsallake shi a garuruwanmu ba. Masu zane da dama suna guje wa abu mai rai, ko su bar fuska babu ido babu baki. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibnu Abbas ya shawarci wani mai sana'ar yin sura da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai jiki da inuwa da zanen da ke shimfiɗe. Mai sharhi ba mufti ba ne. Kada ka kira fuskar da aka bari a shafe gazawa, kuma kada ka mai da zaman sharhi wa'azi. Abin da za ka duba shi ne ko tsayuwar jiki da karkatar wuya sun ɗauki abin da fuska za ta ɗauka. In zanen na rubutun aya ne, a kai wa alaramma ya duba ingancin rubutun kafin a yi maganar launi.

Mataki na huɗu: hukunci

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ana so ka iya faɗin dalilin kimar. Ka auna zanen da abin da ya nufa. Ka raba abin da ba ka so da abin da ya lalace: ƙin ruwan hoda ra'ayinka ne, inuwa biyu masu saɓani kuwa aibi ne. Ka tambayi kanka ko akwai wani abu a ciki da sai wannan mutum kaɗai zai gan shi, ko kuwa zanen nan ne da aka sha gani a kowace rumfa. A wurina wannan ya fi gwanintar hannu nauyi. Na fi girmama zanen da ƙafar saniyarsa ta karkace amma aka kama yadda tsohuwa ke dafa gwiwa in za ta tashi daga bakin rami, a kan wanda ya fita sumul alhali kwafi ne daga intanet. In kana zargin kwafi, ka tambaya a hankali: "Ka je wurin ne, ko da hoto ka yi aiki?" Aiki da hoton da ya ɗauka da kansa daban, ɗaukar aikin wani daban. Maganar sefa nawa zai sayar kuma a bar ta wani zama, in ta shigo nan sai a ɗauka kana kushewa ne don a rage maka.

Mataki na biyar: yadda za ka gaya masa

Ku keɓe. Ba gaban yaran shagonsa ba, ba gaban mai saye ba. Ka fara da abin da ya yi daidai, ka kira shi da suna: "Wallahi shuɗin nan da ka sa a goshin makiyayin, shi ya sa na ji zafin rana." Daga cikin aibobin da ka rubuta, ka zaɓi ɗaya ko biyu waɗanda gyaransu zai ɗaga dukan aikin. Goma a zama ɗaya ba ya shiga.

In ya girme ka, tambaya ta fi umarni. "Baba, ni fa ina neman ranar nan ban gan ta ba. Ta ina ta fito? Don na ga inuwar shanu ta yi nan, ta mai su kuma ta yi can." Zai duba, kuma mafi yawa shi zai ƙarasa maganar. In ƙaninka ne ko ɗalibi, kana iya fitowa fili: "Ƙanena, gobe da hantsi ka je bakin mayo da takarda, ka zana inuwa kawai, ka bar shanun." Kowane aibi ka haɗa shi da abin yi. In ransa ya sosu, ka tuna masa cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ka bar shi haka, kada ka janye abin da ka faɗa don a rabu da daɗi.

In rubutawa za ka yi a Facebook ko jarida, ka nemi izininsa tukuna, kuma ya ji daga bakinka kafin ya karanta. Ka sa sunan zanen, girmansa, irin fentin da shekarar da aka yi shi, da hoton da aka ɗauka a inuwa, a miƙe, ba tare da tace launi ba. Ka bayyana shi yadda wanda ke Yawunde bai gani ba zai iya sawwara shi, sannan ka kawo hujjojinka. Ka yi magana a kan aikin, ka bar halin mutumin da ƙabilarsa da karatunsa.

Sannan ka koma in ya gama na gaba, ka duba abu ɗayan nan da kuka yi magana a kai. In ya gyara, ka gaya masa ka gani. In ya bar shi yadda yake, ka tambaye shi dalili, ka sake ja baya taku biyar ka kalla da dalilin nasa a ranka kafin ka ce komai.